Tirelar da Na Zaɓa wa Yaya Ilyasu

Ku 'ya'yana kun tashi kun tarar da wata magana a cikin dangi, wai bakin kakanku ne ya kori Kawu Ilyasu daga Makka. Na sha jin kuna maimaita ta a tsakaninku, har da kwaikwayon muryar tsohon da yawancinku ba ku riske shi ba, ni kuwa ban taɓa tanka muku ba. Yanzu da alƙalami ya fara rawa a hannuna, gara in rubuta yadda abin ya faru, domin cikin mu huɗu da muke gidan a wannan shekara ni kaɗai na rage.

Gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka ɗaki biyu ne da saman gida inda muke shanya da shan iska. A bakin ƙofa akwai rumfar Baba. Tun yana saurayi ya taso daga Kano da ƙafa, ya bi ta Sudan, ya iso Makka bayan shekaru bakwai, ya koyi sassaƙar shugduf. Ba ku san shugduf ba. Wani gado ne mai rumfa da ake ɗaurawa biyu-biyu a bayan raƙumi, alhaji ɗaya a dama, ɗaya a hagu, in ɗaya ya fi nauyi a rataya wa ɗayan salkar ruwa don kaya ya daidaita. Idan aikin hajji ya matso, lungunmu kan cika da su, an jibga wani kan wani har sun kusa kai tagogi. Ina ƙarama nakan shige cikin na ƙasa in kwanta, ina shaƙar ƙamshin sabon itace, ina jin ƙararrawar raƙuma daga nesa, in ɗauka ni ce matar da ta fito daga ƙasar Jawa ko Bukhara, ana tafe da ni zuwa Arfa. Har yau in kafinta na fiƙe katako kusa da ni sai in ji zuciyata ta koma can. Baba kuwa ba ya awo da komai sai babban yatsansa. Ya danna itace, ya ɗan saurara kamar likita, ya ce wannan zai ɗauki Baturke mai ƙiba na Istanbul, wancan kuwa sai tsohuwa.

Sai motoci suka karɓe jigilar alhazai. Cikin hajji biyu sana'ar ta mutu murus. Baba ya koma yin kujerun tsugunne da allunan yara da akurkin kaji, bai taɓa yin ƙorafi a gabanmu ba, sai dai ya rage magana. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri shi ne ɗansa na fari, Yaya Ilyasu, wanda ya girme ni da shekara takwas, bakanike ne a wata warsha a Jarwal, wato garejin gyaran manyan motocin nan da suka kashe mana kasuwa. Tun yana yaro ya gudu daga makarantar allo, ko sunansa bai iya rubutawa ba, amma in inji ya yi tari daga ƙarshen titi zai gaya maka abin da ke damunsa. Baba bai hana shi ba. Abu ɗaya kawai ya kafa, kullum in ya dawo:

“Kai, wanke wannan warin kafin ka hau mini tabarma.”

“Baba, ai warin raƙumi ya fi wannan.”

“Raƙumi Allah ya yi shi. Wannan wa ya yi shi?”

Inna ta ce daga madafa, “Ku dai ku ci abinci, waken ful ɗin zai huce.”

Ni ce mai karatun gidan. An sa ni wajen faƙiha, malamar da ke koyar da 'yan mata a gidanta, na sauke Alƙur'ani, na koyi rubutun wasiƙa da hisabi da 'yan baitocin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin matashi. Baba na karanta Alƙur'ani da irin rubutun ƙasarmu, amma lissafinsa a yatsu yake. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Asma'u, saboda haka Uwata yake kirana. Maƙwabta kan kawo mini wasiƙunsu daga Kano da Fort Lami in karanta musu, Baba na zaune a rumfa yana yi kamar bai ji ba, alhali ya daina sassaƙa. Shekarata goma sha shida, ban taɓa karanta wani abu an ce mini na yi kuskure ba.

A shekarar da nake ba ku labari Yaya ya samo wata ƙaramar mota da aka tsallako da ita daga Asmara, matacciya, kaji har sun yi ƙwai a cikinta. Ya shekara yana tayar da ita a bayan warsha. Ya cire rufin, ya cire fitilu da murafen ƙafafu da duk abin da ba ya ƙara gudu. Ranar da ya turo ta lungunmu don mu gani, Inna ta leƙo ta taga ta ce:

“Wannan ai fara ce aka fige wa fukafukai.”

Sunan ya bi ta, Fara. Dalilin duk wannan wahala kuwa shi ne, a watan Safar, idan alhazai sun watse gari ya yi shiru har kana jin kukan tattabarun Harami daga gida, 'ya'yan attajirai kan taru a wani fili mai gishiri bayan Jidda su yi tseren motoci. Ɗaya daga cikinsu yana gina sabuwar warsha a Makka, ya ce wa Yaya in Fara ta shiga ukun farko, zai ba shi riƙon warshar. In ba haka ba, to Yaya ya riga ya ba da sunansa ga masu ɗaukar ma'aikata zuwa gabas, wajen kamfanin mai, tafiyar kwana da kwanaki a cikin rairayi. Duk gidan mun san haka. Inna ta daina barci sosai, ta riƙa sadakar gurasa kowace Juma'a.

Fara ba ta da lamba ba ta da fitila, 'yan sanda ba za su bar ta ta hau titin Jidda ba, kuma Yaya na so injin ya isa filin da hutunsa. Dole a ɗora ta a kan tirela a ja. A lokacin maƙtura muke cewa. Da Baba ya ji kalmar ya yi murmushin da ba na daɗi ba, ya ce ai daga ƙiɗar aka samo ta, jerin raƙuman da ake ɗaure kowane a wutsiyar na gabansa.

“Sun ƙwace aikin, sun haɗa har da sunan,” in ji shi.

Tirela biyu Yaya ya samu a wajen wani mai sayar da tsofaffin ƙarafa a hanyar Jidda. Ɗaya koriya ce mai ƙafa biyu, siririya, aikin Italiyawa, ta zo daga Musawwa. Ɗayar tsohuwa ce mai ƙafa huɗu, da ita ake kai gangunan ruwa Mina, katakonta ya ruɓe, tana tafiya tana kuka. Abin da ya ba mu mamaki, da Yaya ya ambaci zancen a kan abinci, sai Baba ya ce zai je ya gani. Washegari ya sa farar rigarsa ya yafa mayafi a kafaɗa, suka fita tare. Ni da Inna muka tsaya a taga muna kallon bayansu, tafiyarsu iri ɗaya, kowa ya ɗan karkata hagu. Rabon da su jera a hanya har mun manta.

Bayan la'asar suka dawo, muka hau saman gida da shayi, nan aka baje maganar.

Baba ya ce, “Na shiga ƙarƙashin koriyar, na taɓa sandar da ta haɗa ƙafafunta. 'Yar taguwa ce, kyan gani gare ta, amma ba ta isa ɗaukar kaya ba. Mai ƙafa huɗun amale ne. Katakon ne kawai ya mutu, kwana uku ya ishe ni in sake masa sabo.”

“Baba, wanet ɗin da aka ara mini, 'yar motar ɗaukar kayan nan, ba zai ja ta da sauri ba. Sai mun yi yini biyu a hanya.”

“To ku yi yini biyun. Jidda za ta gudu ne?”

“In isa gaban 'ya'yan attajirai a kan amalanken ruwa? Su ce ga Takari ya kawo musu sha?”

“Au, kunya ce ashe. Na ɗauka nauyi muke magana.”

Inna ba ta kama sunan ɗan fari, sai ta ce, “Kai wannan, ka bar mahaifinka ya gama mana.”

Yaya ya sa hannu a aljihu ya fito da takarda a ninke. Ashe a jikin koriyar akwai wani ɗan faranti na ƙarfe da aka buga wa lamba, mai sayarwa ya ce nauyin da take ɗauka ne a kilo, amma shi bai iya karantawa ba. Yaya ya ɗora takarda a kai ya goga gawayi har rubutun ya fito fari a cikin baƙi. Nauyin Fara kuwa ya san shi, domin an auna ta a sikelin manyan motoci na Jarwal: ita da ƙafafun canji da garewanin mai da ruwa, dubu da ɗari uku. Ya miƙo mini takardar.

“Ustaza, raba mu.”

Na shimfiɗa ta a gwiwata. Akwai wasu haruffa biyu na Turawa a gefe, na ɗauke su tambarin maƙeri. Lambar kuwa ga ta ɓaro-ɓaro, sanda ɗaya a tsaye, sai da'ira uku a jere. A lambobin da faƙiha ta koya mana, sanda ɗaya ce, da'ira kamar zobe biyar ce, sifiri kuwa ɗigo ne ƙarami. Na lura da'irorin sun fi namu tsawo, kamar ƙwai maimakon zobe, amma na ce a raina hannun kowane marubuci daban. Ina tuna hasken yammacin ranar a kan duwatsu, ja kamar lalle, da yadda su ukun suka zuba mini ido. Na ji daɗin wannan kallo, ba zan ɓoye muku ba.

Na ce, “Dubu da ɗari biyar da hamsin da biyar.”

Yaya ya yi tsalle har ya zubar da shayi. Baba ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya shafa ta da babban yatsansa kamar zai ji nauyin a jiki.

“Kin tabbata, Uwata?”

“Na tabbata, Baba.”

“To. Rubutu ya faɗa. Wane ne ni.”

Ranar tafiya, da hantsi, aka kawo koriyar bakin lungu, maƙwabta suka taimaka aka tura Fara bisa katakai biyu ta hau. Baba ya fito da igiyoyin kabar da suka rage masa na shugduf, ya ture hannun kowa, ya durƙusa ya ɗaure motar da kansa, ƙulli irin na masu raƙuma wanda ke ƙara tamkewa in an ja shi. Ya sa aka matsar da ita gaba kaɗan, ya ce ba a ɗora wa dabba kaya a bayan tozo. Da ya gama ya miƙe, ya ga yadda ganyayen ƙarfen da ke ƙarƙashin tirelar suka miƙe sambal saboda nauyi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya faɗi maganar da kuke kwaikwayo, kuma ba da tsawa ya faɗe ta ba, a hankali ya faɗa, kamar mai magana da kansa:

“Wannan ba za ta kai Bahra ba.”

Mutane suna tsaye, kowa ya ji. Fuskar Yaya ta canza.

“Addu'ar da za ka yi mini ke nan?”

Baba ya buɗe baki, amma Yaya ya riga ya shige wanet ya ja ƙofa. Ni na ga leɓen Baba na motsi har suka sha kwana, na kuma san Allah ya kiyaye hanya yake cewa, sai dai ba wanda ya ji wannan.

Ana hango rumfunan shayin Bahra, rabin hanyar Jidda, suka faɗa wani rami, sandar ƙarfen ta karye biyu. Tirelar ta kife gefen titi, ƙullin Baba kuwa bai saki ba, saboda haka Fara ta kife tare da ita a kan duwatsu. Tukunyar ruwanta ta fashe, injin ya tsage. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Washegari da azahar Yaya ya shigo gida, ƙura har gira. Bai hau tabarma ba. Ya tsaya a tsakar gida ya ce wa Inna, da ƙarfi yadda za a ji a rumfa:

“Ki gaya masa bakinsa ya kama ni. Tun farko ba ya son sana'ata. Yanzu hankalinsa ya kwanta.”

Daga rumfa ƙarar zarto ta tsaya, ta kuma ci gaba. Bayan kwana tara Yaya ya tafi gabas. Ya durƙusa wa Inna, ya dafa kaina ya ce in riƙa rubuto masa labarin gida. Ya wuce ta gaban rumfa ya yi sallama a tsaye, Baba ya amsa bai ɗago ba. Duk unguwa ta ɗauka, bakin uba ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni ma, Allah ya yafe mini, haka na ɗauka, tunda ai rubutu ya ce za ta iya.

Wasiƙu suka fara zuwa, wani abokin aikinsa ke rubuta masa. A gaida Inna, a gaida Ustaza, a gaida mutanen gida. Baba yana cikin mutanen gida. Ni ke karantawa, ni ke mayar da amsa. Wajen shekara guda sai ga ɗan ƙunshi ta hannun wani direba: mayafi na Inna, alƙalami nawa, da agogon hannu wanda ba a ce na wane ne ba. Inna ta ce in kai rumfa. A kan hanya, tsakanin ɗaki da ƙofa, na tsaya ina kallon fuskarsa, domin ban taɓa riƙe agogo mai lambobin Turawa ba. Na bi su da yatsa ina ƙirgawa daga sama. Da na zo gurbin goma sai na ga sanda ɗaya da da'ira mai kamar ƙwai. Na ce sha biyar. Na sake cewa, agogo ba shi da sha biyar. Na ƙirga kuma, na sake ƙirgawa, sai na zauna a dokin ƙofa. Da'irar Turawa ba biyar ba ce, ba komai ba ce. Sanda da da'ira uku dubu ne cif.

Na shiga rumfa ina kuka na gaya wa Baba duka. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya sa na nuna masa goman, ya daɗe yana dubawa.

“Wato su abin da ba komai shi suke zanawa da girma haka.”

“Baba, zan rubuta wa Yaya yau. Ni ce, ba kai ba.”

“Ba za ki rubuta ba.”

“Yana can yana ganin kai ka yi masa baki.”

“Uwata, saurara. Fushin ɗa da uba zazzaɓi ne, yana sauka. Amma yaron nan igiya ɗaya ta rage tsakaninsa da gidan nan, ita ce takardarki. In ya daina yarda da abin da kika karanta, uwarku da me za ta ji muryarsa? Ni na saba da kaya. Bar mini shi.”

Ya miƙo hannu na ɗaura masa agogon. Na yi masa biyayya, kuma ban san ko daidai na yi ba, har yau ban sani ba. Zazzaɓin bai sauka da wuri yadda ya zata ba. Aka yi hajji shida, na yi aure a lungu na gaba, na haifi biyu daga cikinku, kullum Yaya na cewa sai baɗi. Da ciwon Baba ya yi tsanani muka buga masa waya, amma hanya ta yi nisa. Ya iso kwana uku bayan an kai Baba maƙabartar Ma'ala.

Na same shi da safe zaune a rumfa, a kan ɗaya daga kujerun da ba a gama ba, ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefe. Na ce yanzu alkawari ya sauka daga wuyana. Na zauna a ƙasa na fara, tun daga takardar gawayi. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

“Dubu ne. Na sani.”

“Ka sani?”

“Watanmu na uku a kamfani suka sa mu ajin koyon lambobinsu. Ranar da Baturen ya zana sifiri a allo, na tuna takardar gawayin nan, na tashi na fita waje.”

“To me ya sa ba ka faɗa ba?”

“In faɗa wa wa? Ke za ki karanta wasiƙar, da bakinki, a gabansu. Yarinyar da duk unguwa ke kawo wa takarda.”

“Shi ma ya sani, Yaya. Agogonka ne ya nuna mini, na gaya masa. Ya hana ni rubuto maka.”

Ya dube ni kamar bai ji Hausa ba. Ya sa hannu biyu ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa, na ɗauka kuka yake, ashe dariya ce ta fara zuwa kafin kukan.

Da ya natsu na ce, “Tunda ka san ba bakinsa ba ne, me ya hana ka dawowa?”

“Da wane ido? Mutum ya shiga ƙarƙashin ƙarfe da farar rigarsa saboda ni, ya gaya mini gaskiya, na tsaya a tsakar gidansa na ce ya yi mini baki. Kullum ina cewa sai na tara abin da zan buɗe warsha tawa a nan, in zo in durƙusa masa da wani abu a hannu.”

Ya tashi ya yi alwala ya ce zai je Ma'ala. Ni mace ce, ban raka gawa ba, ban san gurbin ba, maƙwabcin da ya sa Baba a kabari kuwa ya tafi Ɗa'if. Kun san kaburburan garin nan, ba suna ba alama, dutse ne kawai kamar kowane dutse. Yaya ya tafi shi kaɗai. Bai dawo ba sai bayan azahar, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Na tambaye shi ko ya gane wurin. Ya ce mai gadi ya nuna masa layin da aka yi sababbi a makon, kusan ashirin ne.

“To yaya ka yi?”

Ya ce, “Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na durƙusa na ce, Baba, ka yi gaskiya, ba ta kai Bahra ba.”